Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayenmu Sarakuna: A Ara Wa Yaranmu Tsofaffin Dawakin Barga

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi, da Masu Martaba sarakunan ƙasar Hausa, da 'yan majalisunsu, da hakimai masu barga.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya taimake ku, ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya da imani.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da iyayensa, ina neman afuwa da na biyo ta wannan hanya. Bisa al'ada, talaka mai koke wurin mai unguwa yake fara zuwa, mai unguwa ya kai shi gaban dagaci, dagaci ya miƙa shi ga hakimi. To nawa koken bai tsaya a unguwa ɗaya ko masarauta ɗaya ba, shi ya sa na ajiye shi a inda duk wanda ya gani zai iya isar da shi fada.

Ni ma'aikacin asibiti ne a sashen gashi, inda ake kawo waɗanda gaɓɓansu suka shanye ko suka sandare. Amma kafin in san hanyar asibiti, barga na sani. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, zagi ne a gidan wani hakimi, wato mai tafiya a ƙasa tare da dokin ubangidansa, kuma tun tsayina bai kai likkafa ba nake share gindin turke, ina jiƙa dusa da kanwa, ina ɗauko harawa daga kan rumfa. Sai da na yi shekaru a bakin aiki sannan na gane sana'arsa da tawa suna da mahaɗa.

Roƙona ɗaya ne. A ara wa yara masu larurar naƙasa wasu daga cikin dawakinku, tsofaffi masu sanyin hali, tare da zagagensu, safiya ɗaya ko biyu a mako, ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Na san wani bafade zai sunkuyar da kai ya yi murmushi, ya ce a ransa, ina gurgu ina doki? Ina roƙon a bar ni in kai aya.

Ranar ganin yara a wurinmu, tun kafin ƙarfe 8 benci ya cika. Uwa za ka gani goye da yaro ɗan shekara 6 ko 7, ƙafafunsa suna reto har gwiwarta, don ba ya tafiya, wani ko zama ba ya yi sai an tokare shi da matasai. Da yawansu lafiya lau aka yi goyon cikinsu. Wani doguwar naƙuda ce ta hana shi numfashi da wuri, ya faɗo bai yi kuka ba. Wani shawara ce ta kama shi a makon haihuwa, aka yi ta shanya shi a hantsi ana ɗura masa jiƙe-jiƙe har ta hau ƙwaƙwalwa. Wani sanƙarau ne, wani zazzaɓin sauro ne mai sa jijjiga. In ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi ya taɓu, sai jiki ya ƙi bin umarni. Ko dai ya sandare, ƙafafu su harɗe kamar almakashi, ko ya saki laƙwas, wuya ya kasa ɗaukar kai. A unguwa a ce wannan ɗan ruwa ne, wancan inna ce ta sha shi, a haɗa su da masu otizim, wato larurar da ke wahalar da yaro wajen magana da cuɗanya da mutane, da masu larurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita ta jinkirta girmansa da koyonsa, a yi musu kuɗin goro, a ce galahanga. Larurorin kowace da kamanninta, amma a wurinmu benci ɗaya suke zama.

Cikin kayan aikinmu akwai wani ƙaton ƙwallon roba. Mukan ɗora yaro a kansa, mu riƙe ƙugunsa, mu riƙa karkata ƙwallon gaba da baya, dama da hagu, don tsokokin cikinsa da na gadon bayansa su koyi riƙe shi. Minti 10 sun isa su gajiyar da hannun mutum. Shi kuwa yaron tun kafin nan ya ɓare baki, don ɗaki ne mai warin magani, kuma ya san masu fararen kaya ba su cika zuwa da alheri ba. Ga layi a waje yana jira. Wata rana ina cikin karkata ƙwallon nan sai hannuna ya tuna mini abin da ya sani tun ina yaro. Ashe tafiyar doki nake kwaikwayo, kuma kwaikwayon ma ba na kirki ba.

Idan doki yana tafiyarsa ta sannu, ban da sassarfa balle sukuwa, bayansa yana kaɗa ƙugun mahayi ta fuska uku a lokaci guda: gaba da baya, gefe da gefe, da kuma ɗan juyi. Haka ƙugun mutum yake yi in yana tafiya da ƙafafunsa. Yaron da bai taɓa takawa ba, jikinsa bai san wannan kaɗawa ba, ƙwaƙwalwarsa ba ta da abin da za ta ɗora koyo a kai. A bayan doki yakan same ta kusan sau 100 a minti ɗaya, wato wajen sau 3,000 a rabin awa. Babu hannun ma'aikacin da zai iya wannan. Kowane taku yana ɗan ture yaron daga tsakiya, dole jikinsa ya nemi hanyar komawa. Ba sai an ce masa miƙe bayanka ba, in bai miƙe ba zai ji yana zamewa, sai ya miƙe da kansa. Zaman da ya yi, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yana buɗe tsokokin cinyar da suka ɗaure, ga ɗumin jikin dabbar, wanda ya ɗara na mutum kaɗan, wajen digiri 38, yana ratsa su. Tsofaffinmu da ke gasa wa mai ciwon gaɓa jiki da ruwan ɗumi kafin su ja shi sun san amfanin wannan.

Su ma Turawa ba da jimawa suka ɗauki abin da muhimmanci ba, kuma shan inna ce ta jawo hankalinsu. Wata mahayiya 'yar ƙasar Denmak mai suna Lis Hartel ta kamu da cutar a 1944, tana da shekara 23, ga juna biyu. Ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa ba su ƙara moruwa ba. Duk da haka ta koma sirdi, a ɗora ta a sauke ta, har ta je gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki ta ci lambar azurfa a wasan sarrafa doki, tana karawa da maza masu ƙafafu lafiyayyu. Wanda ya zo na ɗaya, Henri Saint Cyr na ƙasar Suwidin, shi ya tallafe ta zuwa dandamalin karɓar lamba. Ta sake cin azurfar a 1956. Bayan haka ne masu irin aikina a Turai suka fara ɗora majinyatansu a kan dawaki da gangan. A shekarun 1960 Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka mayar da abin wani reshe na jinya. A 1969 aka kafa ƙungiyar hawan doki don naƙasassu a Ingila, a wannan shekara kuma aka kafa irinta a Amurka. Afirka ta Kudu ta bi sahu a 1973.

Abin kashi biyu ne a can. Akwai wanda jinya ce zalla, yaro ba ya sarrafa dokin, ma'aikacin lafiya ne ke cewa a ƙara sauri, a rage, a yi da'ira, a tsaya, a juya yaron ya fuskanci wutsiya, duk gwargwadon tsokar da yake so ta yi aiki. Akwai kuma koyon hawa na sosai, inda yaro mai larura yake koyon riƙe ragama da tsayarwa da juyawa daidai ƙarfinsa. Mu duka biyun muke buƙata, amma da na farko ya kamata a soma.

Allah ya taimake ku, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Doki ba ya warkar da taɓuwar ƙwaƙwalwa, kuma duk wanda ya zo gabanku ya ce yana warkarwa, a sa dogarai su raka shi ƙofa. Ga abin da aka gwada aka gani. A 2003 a Amurka an ɗauki yara 15 masu sandarewar jiki, aka maƙala musu na'urar auna aikin tsoka. Wasu aka ɗora su a kan doki na minti 8 kacal, wasu aka zaunar da su a kan ganga mai tsaye cik na minti 8. Waɗanda suka hau doki, tsokokin damansu da na hagunsu suka fi daidaita, na kan ganga kuwa ba a ga wani canji ba. Ka ga ke nan sirrin yana cikin takun, buɗe ƙafa kaɗai bai wadatar ba. A 2015 a Koriya ta Kudu an gwada yara 92 masu taɓuwar ƙwaƙwalwa irin wannan, rabin awa sau biyu a mako har mako 8, masu hawan suka fi takwarorinsu ci gaba a gwajin motsin jiki da na daidaiton tsayuwa. A wannan shekara kuma a jihar Kolorado ta Amurka aka raba yara 127 masu otizim gida biyu na mako 10, wasu suna hawa, wasu suna koyon sha'anin barga ba tare da sun taɓa doki mai rai ba. Masu hawan suka rage saurin fushi da rashin zama wuri ɗaya, suka ƙara yawan kalmomin da suke furtawa. Amma akwai wani gwaji a Ostireliya a 2009, da yara 99 masu taɓuwar ƙwaƙwalwa, wasunsu na hawa sau ɗaya a mako har mako 10, wanda bai nuna bambancin a zo a gani ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, hawan yana da amfani in an yi shi a kai a kai, a hannun wanda ya san abin da yake nema a jikin yaron, kuma ƙari ne a kan gashin asibiti da magani, ba ya maye gurbinsu.

Akwai kuma abin da na'ura ba ta aunawa, wanda ku kuka fi kowa saninsa. A ƙasar nan hawa daraja ce. Sarki ke hawa, hakimi ke hawa, ango ke hawa ranar da ake yi da shi. Yaron da rayuwarsa duka a kan tabarma take, ko a keken guragu, gwiwoyin mutane ya saba gani. Kowa daga sama yake masa magana, galibi ma da uwarsa ake magana a kansa kamar ba ya wurin. Ran da ya zauna a gadon bayan doki, babansa ma sai ya ɗaga kai kafin su haɗa ido.

Na ga wannan a gidanmu. Ɗan ƙanwata yana da shekara 8 lokacin, jikinsa a sandare, magana da ƙyar. Wani abokina yana da tsohon kili da ya daina fita hawa, sai na roƙe shi ya bar mu mu riƙa zuwa ranar Asabar da sassafe. Ranar farko kuka yaron ya yi har ya shiɗe, ko kusa da dokin bai yarda ba. Mako na biyu ya miƙa masa harawa da hannun da ya fi masa motsi. Sai a mako na uku muka ɗora shi, ɗan barga na jan ragama, ni da mahaifinsa muna gefe da gefe riƙe da cinyoyinsa. Mun yi wata huɗu a haka. Bai tashi ya yi tafiya ba, har yau ma ba ya yi. Amma ya fara zama a tabarma ya ci tuwonsa ba a tokare shi ba. Uwarsa ta ce yi masa tsarki da sa masa wando sun yi mata sauƙi, don cinyoyin sun rage ɗaurewa, kuma wanda bai taɓa ɗawainiya da irin wannan yaro ba, ba zai san girman wannan magana ba. Tun daga daren Juma'a yake fara cewa Kili, Kili. Yaran layinsu da ke leƙowa su tsokane shi suka koma zuwa tambayarsa ko dokin yana cizo. Da Sallah ta matso, abokin nawa ya shiga matsi ya sayar da dokin. Ban ga laifinsa ba, ciyar da doki ba wasa ba ne. Sai dai ranar na gane wannan aiki ya fi ƙarfin kirkin mutum ɗaya, sai gidan da barga ba ta mutuwa a cikinsa.

A ƙasashen da ake wannan aiki, abin da ke cinye kuɗi shi ne dokin da abincinsa, da fili, da mutum uku da kowane yaro ɗaya ke buƙata. Cibiyoyinsu da yawa da gudummawa da 'yan sa-kai suke tafiya. Mu nan duk wannan yana ɗaure a turke. A lissafa kwanakin hawa a shekara. A Kano akwai hawan Sallah da hawan Daushe da na Nasarawa, sai Ɗorayi ko Fanisau. Katsina da Zazzau da Daura da Haɗeja da Bauchi kowa da nasa, haka Damagaram da Maraɗi a ƙetaren iyaka. In an haɗa Sallah ƙarama da babba, aka ƙara da Gani da naɗin sarauta da tarbar baƙi, da wuya a cika wata guda. Sauran watanni 11 doki na barga yana cin gero, sai ɗan kilisa da yamma. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, muka yi murna, kuma mun cancanci murnar. Roƙona bai taɓa ranar hawa ko ɗaya ba. Ranakun da babu mai kallo nake nema.

Dawakinku suna da wani horo da Bature yake shan wahala kafin ya samu. Shi sai ya yi watanni yana buɗe lema a gaban doki, yana jefa ƙwallo kusa da shi, yana kaɗa gwangwani, don ya saba kada ya firgita in yaro ya yi ihu ko ya fizge jiki. Dokin da ya yi shekara 10 yana ratsa Ƙofar Kudu cikin ƙarar bindigogi, da tambura, da kakaki da algaita, ga guɗar mata, ga jama'a na tururuwa har suna gogar cinyarsa, kukan yaro ɗaya ba zai ɗaga masa kunne ba.

Sai babban jarin, wato zagi. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Daushe ya ga 'ya'yan sarki da na hakimai, wasu ba su wuce shekara 4 ko 5 ba, an naɗa musu rawani, an ɗora su a kan ingarman da ƙafarsu ba ta kai rabin cikinsa ba. Mutum ɗaya na gaba riƙe da dokin, biyu na gefe, kowa hannunsa a kan cinyar yaron, a haka za a ratsa gari a dawo ba abin da ya same shi. Wannan tsari, ɗaya a gaba biyu a gefe, shi ne ainihin abin da ake koyarwa a cibiyoyin Turai da Amurka, har a ba mutum takardar shaida a kansa. Mahaifina bai taɓa riƙe takardar shaida ba, amma daga motsin kunnen doki yake sanin abin da zai yi kafin ya yi, kuma tafiyar yini guda idonsa ɗaya na kan hanya, ɗaya na kan ubangidansa. Irinsa suna nan a kowace fada. Abin da ya rage a koya musu kaɗan ne: yadda ake ɗaga yaro mai sandarewa ba a fizgi hannunsa ba, inda ake riƙewa, alamar gajiya, da abin da za a yi in farfaɗiya ta taso. Wannan aikinmu ne, kuma kwanaki kaɗan sun isa.

Ba kowane doki ne zai yi ba, nan ma gara in faɗi gaskiya. Yawancin na hawa ingarmu ne da aka ƙosar da hatsi, aka hore su da linzami mai kaifi don sukuwa da zamiya a gaban sarki. Irin wannan ko kyauta aka ba ni ba zan ɗora masa yaro ba. Wanda muke so shi ne wanda aka fara cewa ya kwana biyu, wanda samarin barga ke rainawa don ba ya rawa, mai taku daidai, marar ɗingishi, marar ciwon baya. Da tsohuwar zuma ake magani. Goɗiya ma, wadda mahayanmu ke jin kunyar hawa, ta fi ingarma dacewa da wannan aiki, ƙananan yara kuwa ƙuru ya ishe su, don na gefe ya fi samun damar riƙe su. Shamaki, mai kula da bargar sarki, ya san dawakinsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya kamata ya zaɓa, likitan dabbobi ya duba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri duk suna yaye likitocin dabbobi. Su tabbatar babu kaska, babu makero, kuma shi ma dokin kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Kayan hawa ma sai an sauƙaƙa. Sirdinmu mai tudu gaba da baya yana tare motsin da muke nema, yana kuma tare ɗumin. Zubka mai laushi da majayi mai mariƙi sun wadatar, sai ragama a maimakon linzami. Babu ƙaimi, babu bulala, babu jalala mai ƙyalƙyali. Abu ɗaya ne ba sassauci a kansa, hular kwano a kan kowane yaro, kowane lokaci, ko da taku biyar za a yi. A nan 'yan wasan folo, wato ƙwallon dawaki, na Kaduna da Kano da Katsina za su iya shigowa, su ne suka san inda ake samun hular kirki, suna da filaye masu ciyawa, suna kuma da dawakin da suka gama wasa. Folo kanta ai daga fada ta samu gindin zama a Arewa, tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo.

Haka kuma ba kowane yaro ne zai hau ba. Wanda farfaɗiyarsa ba ta lafa da magani ba, da wanda ƙashin ƙugunsa ya goce daga gurbinsa, da mai karkacewar baya mai tsanani, da mai ƙashi marar ƙwari, da mai gyambon zama, da jaririn da bai kai shekara 2 ba, duk a dakata da su. Masu larurar Down kuwa sai likita ya duba wuyansu, don wasunsu ƙasusuwan saman wuyansu biyu ba su kama juna sosai ba, jijjiga na iya yi musu mummunar illa. Saboda haka babu yaron da zai zo barga sai da takardar likita. Muna da masu wannan aiki, Asibitin Ƙashi na Dala yana nan, Jami'ar Bayero da ta Maiduguri suna yaye ma'aikatan gashi, kuma ɗalibansu na shekarar ƙarshe za su yi rububin zuwa tafiya a gefen doki in an ba su dama. A yi da sassafe kafin rana ta yi zafi, a yayyafa wa filin ruwa lokacin hunturu saboda masu asma. Yara mata kuma kada a bar su a gida. Larurar ba ta zaɓar jinsi, kuma su aka fi ɓoyewa a ƙuryar ɗaki. A ware musu ranarsu, mata ma'aikata su riƙe su, iyayensu mata na zaune suna gani.

Tsorona biyu ne. Na farko kada abin ya zama biki, a kafa rumfuna, a kira 'yan jarida, a ɗora yaro ɗaya a ɗauki hoto, a raba shinkafa, shi ke nan sai baɗi. Hawa ɗaya ba ya ƙara wa tsoka komai, abin sai an jure, Asabar bayan Asabar, har da ranar da ba kowa a filin sai yara shida da uwayensu. Na biyu kada 'yan neman kuɗi su ji labari su fara yawo da dokin haya suna cewa ga maganin galahanga. Uwar irin wannan yaro ta riga ta sayar da akuyarta da 'yan kunnenta a wurin masu magani iri-iri, bai kamata a buɗe mata wata sabuwar ƙofar asara ba. In abin yana ƙarƙashin fada, kyauta, da ƙa'ida a rubuce, ɗan damfara ba zai samu wurin tsayawa ba.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwar rubuto muku shi ne mun ga abin da kuka yi a kan shan inna. Lokacin da mutane ke rufe ƙofa in sun hango masu ɗigo, ku kuka fito kuka ɗiga wa 'ya'yanku da jikokinku a bainar jama'a, kuka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka bi gida-gida. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Waɗanda ta riga ta shanye kuwa suna nan tare da mu, ga kuma waɗanda naƙuda da shawara da sanƙarau ke ƙarowa kullum. Fada ba baƙuwarsu ba ce. Tun kafin gwamnati ta sa hannu a dokar kare haƙƙin naƙasassu a Janairun 2019, ku kuke naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, suna zuwa gaisuwa kamar kowane mai sarauta. Malamanmu kuma sun karantar da mu hadisin da ya ce alheri a ƙulle yake a makwarkwaɗar dawaki har zuwa ranar Ƙiyama. Ni ɗalibi ne, ba zan yi wa hadisi fassarar da ba a ba ni ba, amma duk sanda na tuna ɗan ƙanwata a kan Kili sai ya faɗo mini.

Ba na roƙon a gina komai. Masarauta ɗaya ta fara, da dawaki biyu da zagage huɗu, da wani fili mai inuwa a bayan barga ko a gidan gona. A ɗauki yara shida zuwa takwas da likita ya tantance, a auna zamansu da tsayuwarsu da buɗewar cinyarsu kafin a soma, a rubuta. A yi mako 12, sau biyu a mako in da hali. A sake aunawa, a tambayi iyaye mata abin da suka gani a gida, a kawo takardar gaban majalisa. In ba a ga komai ba, ni zan fara faɗa, a mayar da dawaki turkensu. In an gani, sai a kira Shamakin masarautar da ke maƙwabtaka ya zo ya kalla da idonsa. Lokacin da ya fi dacewa a soma shi ne mako biyu bayan Babbar Sallah, dawaki sun huta, an wanke kayan hawa an adana, zagage kuma ba su da wata fita a gabansu.

Allah ya ƙara muku nasara, ya kare martabar gidajenku.

Wassalam.

Talakanku,
ɗan zagi, ma'aikacin sashen gashi.